A Gaishe da Taswira

Kwana biyar hannuna na shawagi
bisa sandar tuƙin da ba ni ke riƙe da ita ba.
Arzika na tuƙi, ni ina haɗiyar yawu,
ina cewa: sassauta, yaro,
jirgi ba jaki ba ne da za ka ja masa kunne.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci,
Kanal Abarshi ya jawo takardar gabansa,
ya karanta kamar bai san abin da ke ciki ba:
Yamai zuwa Tawa, Tawa zuwa Yamai,
mai lita kaza, dawowa Lahadi kafin magariba.
Doka ta ce an ba malamai wannan dama
don kada idonsu ya manta taswira.
Kanal ya san tsohona yana Tawa.
Ya sa hannu, ya ce: a gaishe da taswira.

Asabar, shida da rabi.
Sarja Saini ya zagaya jirgin sau biyu,
ya ƙwanƙwasa fiffike kamar mai sayen kankana,
ya cusa mini ƙullin magani na ƙanwarsa.
Wannan ba ya cikin takarda.

Na tashi. Kogin Isa ya rage a baya.
Baleyara ta wuce ƙarƙashin fiffiken hagu,
rumfunan kasuwa na jiran gobe.
Gero ya kai gwiwa,
tafkunan damina na ƙyalli
kamar kwanonin da aka wanke aka shanya.

Sai na ji bakina yana cewa: duba tsayinka.
Na waiga. Kujera ce kawai, da ɗamararta a ɗaure.
Shekara tara ina surutu a sama,
har shiru ya zame mini yaren da ban iya ba.

Hadari ya haɗo wajen Bagaruwa.
Na kauce masa ta kudu,
ban shawarci kowa ba sai allurar mai.

Ga jan dutsen Adar, ga Tawa.
Na sauko da gadarar mai koyarwa.
Taya ta daki ƙasa, jirgi ya yi sama,
ya sake daka, ya sake tashi, tsallen ɗan akuya,
laifin da na hana Arzika barci a kansa ran Laraba.
Daga hasumiya Shaibu ya gyara murya:
Kaftin, sauka uku na gani, wacce zan rubuta?

Baba Illa na kan tabarma, ƙafar nan a miƙe,
wadda ta taka birki shekara talatin
da lodin albasa a hanyar Yamai.
Awa nawa? Ɗaya da rabi, Baba.
Ka tsaya Dogondutsi ka sha shayi? A'a.
Ƙonni fa? Ban bi ta can ba.
Ya daɗe yana kallona.
To kai ba tafiya ka yi ba, jefo ka aka yi.
Ya tura mini kwaryar fura da bayan hannu,
ya sa na faɗa masa yadda hanyarsa take daga sama.
Na ce zare ce, Baba.
Ya ce zaren nan ya ci mini tayoyi ɗari.

Ana raɗe-raɗin mai ya yi tsada,
wai daga watan gobe an rufe Asabar.
Ban faɗa masa ba.
Lahadi da la'asar na bi ta kudu,
na nemo masa Dogondutsi, na karkata fiffike sau ɗaya.

Litinin Arzika ya daki ƙasa, muka yi tsalle.
Ya ƙanƙame, yana jiran tsawa.
Na naɗe hannuwana a ƙirji.
Ƙara wuta, na ce, mu sake zagayowa.